Kwana bakwai, buta ɗaya: Yadda na koyi ɗaukar hoto a tsakar gidanmu

Wata Laraba cikin dogon hutun da ya gabata, Umma ta fito daga ɗaki da sassafe ta tarar da ni kwance rub-da-ciki a tsakar gida, haɓata har tana taɓa siminti, na saita waya a gaban butar alwala. Ta dube ni, ta dubi butar, sannan ta ce, "Ke, lafiya kuwa? Ko karatun jami'ar ne ya fara taɓa ki?"

Na ce, "Jinga nake yi, Umma."

"Jingar kwanciya a gaban buta?" Ta wuce madafi tana girgiza kai.

Ga yadda abin ya faro. Mu biyar ne a ajinmu muke son ɗaukar hoto, kuma babu wanda yake karanta fannin a cikinmu. Kullum hirarmu ba ta wuce waya kaza ta fi waya kaza fitar da hoto, da ina da irin wayar wance da kun sha mamaki. Ni ce kan gaba a wannan ƙorafi, don wayata tsohuwa ce da na gada daga yayana, fuskarta ma a tsage take. Ana gobe za mu tafi hutu sai ɗaya daga cikinmu ta gaji da mu, ta ce tunda kowa gwani ne a baki, to a sa doka. Kowa ya zaɓi abu guda a gidansu, irin abin da ko ɓarawo ya shigo ba zai kalle shi ba. A ɗauke shi hoto sau ɗaya kowace rana har kwana bakwai. Kada hoto biyu su yi kama da juna. Ba a yarda a sa filta ba, ba a kuma yarda a fitar da abin daga gida ba.

Wata ta zaɓi tsintsiya, wani ya zaɓi kwaɗon ƙofar shagon babansa. Ni na zaɓi koriyar butar roba da ta fi shekara biyar a gindin famfonmu.

Ranar farko na fito da azahar, na tsaya a kanta na danna. Abin da ya fito buta ce a kan siminti, shi ke nan. Ko mai sayar da butoci ba zai so hoton ba. Rana ta biyu na matsa gefe na sake dannawa, ya fito kamar na jiya. A nan na fara jin haushin dokar, na kuma fara zagin wayata a zuci. Sai a rana ta uku, ranar da Umma ta kama ni, dabara ta faɗo mini: tunda an hana ni sauya butar, bari in sauya inda nake tsayawa. Da na kwanta na sa wayar dab da ƙasa, butar ta tashi ta cika hoton, bakinta ya miƙe sama kamar wuyan raƙumi, bayanta kuwa sai sararin sama da igiyar shanya. Shekara biyar ina ɗaukar butar nan, ban taɓa ganin ta daga inda kaza take ganin ta ba.

Rana ta huɗu ita ce ta fi tsaya mini a rai. Na fito rana ta ɗan ɗago, haskenta yana shigowa ta saman katanga a kwance, yana bugun butar ta gefe guda. Kowane ƙarzuwa da ke jikinta ya fito, da wurin da rana ta ci launinta, da wata siririyar wayar ƙarfe da aka naɗe marikinta da ita. Na matsa kusa na ɗauki marikin kawai. Da daddare na nuna wa Baba, ya yi dariya ya ce shi ya ɗaure ta tun shekarar da aka haifi autanmu, ranar da marikin ya tsinke yana shirin tafiya masallaci. Ni ban ma san da wayar ba, alhali a kanta nake ɗora hannu sau biyar a rana.

Daga nan abin ya zame mini wasa. A rana ta biyar ban sa butar a hoton ba sam, inuwarta na ɗauka da la'asar sakaliya, ta miƙe doguwa a bango. A ta shida na sa ƙanena ya tsiyaya ruwa a hannunsa, ni kuma na tsaya ina fuskantar rana, ruwan ya fito kamar zaren azurfa. Sau kusan talatin na danna kafin in sami ɗaya mai kyau, har yaron ya ce sai na biya shi. Rana ta bakwai dabara ta ƙare mini. Na ɗaga butar zan canza mata wuri, sai na ga jiƙaƙƙen zobe a kan siminti inda ta kwana. Shi na ɗauka. Ƙawayena biyu sun ce na yi maguɗi tunda babu buta a ciki, biyu sun ce shi ya fi duka kyau. Har yau ba mu gama wannan gardama ba.

Ba mu muka fara ba

Da na koma makaranta na yi ɗan karance-karance, sai na tarar manyan masu hoto ma a irin wannan wuri suka yi kiwo. Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda ya rage a duniya, wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ne ya ɗauke shi wajajen 1826 zuwa 1827. Bai nemi sarki ko fada ba. Ta tagar ɗakinsa ya leƙa ya ɗauki rufin gine-ginen gidansa, a kan farantin ƙarfe da ya shafe da wani irin kwalta. Sai da farantin ya yi aƙalla awa takwas yana shan haske, shi ya sa idan ka dubi hoton za ka ga rana ta haska gine-ginen ta ɓangare biyu: ta fito, ta kuma juya, duk yana cikin ɗaukar hoto guda. Yanzu haka farantin yana ajiye a Jami'ar Texas da ke Amurka.

A 1930 kuma wani Ba'amurke, Edward Weston, ya ɗauki kwanaki yana fama da tattasai. Tattasai dai na miya. Ya juya shi nan, ya juya shi can, daga ƙarshe ya saka shi cikin mazurarin ƙarfe don haske ya zagaye shi ta ko'ina. Hoton da aka fi sani a cikinsu shi ne mai lamba 30, kuma yana cikin fitattun hotuna na ƙarnin da ya wuce. Ni da na gan shi, bayan ɗan kokawa na gani ya murɗe yana shirin kama abokin karawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne na gida, J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya duƙufa ɗaukar hoton kitson mata, yawanci ta ƙeya, cikin baƙi da fari, har ya tara kusan dubu. A lokacin kitso abu ne da kowa ke gani kullum a kasuwa da gidan biki, wa zai ɓata fim a kansa? Yau da yawa daga cikin waɗancan salon kitso sai a hotunansa ake ganin su, kuma gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen waje suna rataye su a bango.

Mu kuwa mun saba jiran Sallah. Sai an yi Hawan Daushe, ko an je yawon buɗe ido karofin Ƙofar Mata, sannan kowa ya zaro waya, a dawo da hotuna ɗari masu kama da juna. Dawaki da rini suna da kyau da kansu, ko ka iya ko ba ka iya ba hoton zai yi ɗan armashi. Buta ba ta taimakonka da komai. In hotonta ya yi kyau, kai ka sa shi ya yi.

Haske ne jarin

Abin da kwana bakwai ɗin nan ya koya mini ya fi yawa a kan haske. Kyamara haske take kamawa, don haka abu ɗaya yakan zama abu biyar tsakanin asuba da magariba. Rana tsaka ita ce mafi wuya a ƙasarmu: tana bisa kai, tana jefa inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hanci, ta kuma ƙone duk wani farin abu har ya rasa fasali. In dole sai a lokacin za ka ɗauka, shiga inuwar zaure ko gindin bishiya. Da safe kafin hantsi, da kuma bayan la'asar, hasken yana zuwa a kwance, shi ne yake fito da saƙar tabarma da zanen ƙwarya da tsagar bango. Sai dai ka hanzarta, don a nan rana ba ta jan jiki wajen faɗuwa. Lokacin hunturu kuwa, hazon da muke tsaki a kansa kyauta ce ga mai hoto, yana tausasa hasken kamar an rufe rana da farin mayafi.

A cikin ɗaki, taga da ƙofa sun fi kowace fitila. Ajiye abin a gefen taga, ka kashe ƙwan lantarki. In ɓangare ɗaya ya yi duhu da yawa, sa wani ya riƙe farin kwali ko farantin silba ta wancan gefen, zai mayar da hasken kan abin. Na gwada da murfin tukunya ma ya yi. Seydou Keïta, shahararren mai hoton nan na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, da hasken rana ya yi yawancin aikinsa a tsakar gida, kuma zanen gadonsa ne ya fara ratayawa a bayan masu zuwa ɗaukar hoto.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su suke kashe hoto. Goge idon kyamarar da gefen mayafi ko riga kafin ka ɗauka, domin wayar da ta kwana a aljihu ko ta bi ta hannun mai cin gyaɗa ba za ta ba ka hoto garau ba. Rabin laifin da na ɗora wa wayata ashe maiƙo ne. Taɓa fuskar wayar daidai kan abin da kake so ya fito sosai. A yawancin wayoyi wata 'yar alamar rana za ta bayyana, ka ja ta ƙasa ko sama don rage haske ko ƙara shi. Kada ka zuƙo abu da yatsu biyu, don a ƙananan wayoyi yanke hoton kawai ake yi a buɗa shi, sai ya fito dishi-dishi. Taka da ƙafarka ka matsa. In wuri ya yi duhu, jingina wayar a kan turmi ko bulo, saboda a duhu kyamara tana daɗewa a buɗe, ɗan motsin hannu sai ya ɓata komai. Akwai kuma layukan da za ka iya kunnawa a saitin kyamara, biyu a tsaye biyu a kwance, su raba fuskar gida tara. Gwada ajiye abin a inda layuka suka haɗu maimakon tsakiya. Ba farilla ba ce, ni kaina ina yawan karya ta, amma tana hana ka dasa komai a cibiyar hoto kamar na katin shaida.

Ranar da na sha faɗa

Bayan buta mun yi jingogi da yawa. Akwai makon launi guda, inda na bi ja na tara hoton tumatir, murfin jarka, hular wani ɗan acaɓa da tsohon takalmin autanmu. Akwai makon haruffa, a nemo siffar baƙaƙen boko a jikin abubuwa ba tare da an jera su da hannu ba. Tsani ya ba ni H, tayar keke ta ba ni O, amma ƙ mai lanƙwasa ta gagari kowa. Da damina muka yi makon kududdufi, a ɗauki hoton gida ko bishiya a cikin ruwan da ya kwanta bayan an ɗauke ruwan sama.

Makon hannaye ne ya ja mini magana. Dokar ita ce a ɗauki hannu yana aiki, ba fuska. A bakin layinmu akwai wata dattijuwa mai ƙosai, yadda take sakin ƙullu a kasko abin kallo ne. Na laɓe a gefe kamar mai duba saƙo, na ɗaga waya na danna. Ashe ta gan ni.

"Ke yarinya, zo nan. Wa ya ba ki izini?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai hannunta kawai na ɗauka.

"Hannun na waye? Gobe in ji an sa ni a waya ana dariya, ina da surukai, ina da jikoki? 'Yar gidan wa ce ke?"

Duk masu jiran ƙosai suka zuba mini ido. Na goge hoton a gabanta, na ba ta haƙuri, na koma gida ƙafata kamar ba ta taɓa ƙasa don kunya. Abin da ya fi damuna shi ne gaskiya ta faɗa. Ba ta san ni ba, ba ta san inda hoton zai kwana ba, kuma ta sha jin yadda ake yawo da hotunan mutane ana yi musu ba'a.

Bayan kwana uku na koma. Na durƙusa na gaishe ta, na sayi ƙosai, sannan na ce, "Iya, aikin koyo ne muke yi ni da ƙawayena. Hannunki da kaskon kawai nake so, fuskarki ba za ta fito ba, kuma zan nuna miki kafin in tafi. In ba ki so, shi ke nan." Ta harare ni, ta ce in jira ta sallami mutane. Da na nuna mata hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Oh, ni 'yasu, haka hannun nan ya tsufa?" Ta ƙara mini ƙosai biyu gyara.

Tun daga ranar ba na ɗaukar mutum sai da saninsa, yaro kuma sai da sanin iyayensa. Almajiri da mai bara da wanda hatsari ya rutsa da shi su ma suna da mutunci, halin da suke ciki bai mayar da su kayan kallo ba. Shingen jami'an tsaro da barikoki kuwa, ko da wasa kada ka nufe su da waya. Ku da kuke makarantun da aka hana shiga da waya, ku bari sai hutu. Babu hoton da ya kai a kore ka daga makaranta.

Gyara, da inda gyara ya tsaya

A wata na biyu muka ɗage dokar hana gyara, muka sa sabuwa: gyara uku kacal a kowane hoto, kuma sai ka faɗi abin da ka taɓa. Manhajar Snapseed muka fi amfani da ita, ta kamfanin Google ce kuma kyauta ce. Wasu sun fi son Lightroom. Ko manhajar hotuna da ta zo da wayarka ma ta isa ka fara.

Ƙayyade gyaran ya tilasta mana tunani kafin mu taɓa komai. Ni yawanci nakan fara da miƙe hoton in ya karkace, don bango ko bakin titi da ya jirkice yana damun ido ko mai kallo bai gane dalili ba. Sai in datse gefe, in fitar da ledar da ta shigo ta kusurwa ko ƙafar wani da ke wucewa. Na uku in ɗan ɗaga wuraren duhu ko in rage wuraren da suka yi fau. Madannin ƙara launi shi ne tarkon sabon shiga. Za ka ja shi ka ga tumatir ya yi ja, ka ƙara ja, kafin ka ankara ya koma kamar na roba. Dabarata ita ce in ja har inda ya yi mini daɗi, sannan in dawo da shi rabi. Mayar da hoto baƙi da fari yana taimakon abin da kyansa a siffa yake, irin inuwar buta ko hannun Iya, amma ba ya ceton hoton da aka ɗauka da ganganci. Kuma kullum ka ajiye na asali, ka yi gyaran a kan kwafi.

Sai maganar ƙanwata, wadda ta yarda in ba da labarin. Tana aji biyu na babbar sakandare, baƙa ce irin mai sheƙin nan. Da Ƙaramar Sallah na ɗauke ta a jikin farin bangon zaurenmu, fuskarta ta fito duhu, da ƙyar ake ganin idonta. Ta ce, "Yaya, ki ɗan haska ni mana." Na haska. Ta ce in ƙara. Na ƙara, na goge ƙurajen goshinta, na sulɓe kumatun. Ta yi murna, ni ma na ji ni gwana. Muka tura wa kawunmu a ƙauye ya nuna wa Kaka.

Da yamma Kawu ya kira yana dariya. Wai Kaka ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta ce, "Wannan 'yar gidan wa ce? Ina takwarar tawa?"

Muka yi dariya duka, har da ƙanwar tawa. Amma da dare na gan ta tana kallon hotunan biyu, na asali da gyararren, tana komawa wannan tana dawowa wancan, ba ta ce komai ba. Jikina ya yi sanyi. Da hannuna na nuna wa yarinya 'yar shekara goma sha shida wata fuska da ba za ta taɓa gani a madubi ba, na kuma bar ta tana auna tata da ita.

Daga baya na gane laifin tun wajen ɗauka yake, kuma nawa ne. Kyamarar waya tana duba hasken wurin gaba ɗaya ne ta yi masa matsakaici. Farin bango ya cika hoton, sai ta rage haske don kada bangon ya ƙone, fuskar ta tafi cikin duhu. Washegari na tsayar da ita a bakin ƙofar ɗaki tana fuskantar waje, bayanta duhun ɗaki, autanmu ya riƙe farin ɗankwali a gefenta, na taɓa fuskarta a jikin wayar kafin in danna. Na kuma kashe madannin ƙawata fuska, wanda wayoyi da yawa suke zuwa da shi a kunne, yana haska fata yana goge ta ba tare da an tambaye ka ba. Hoton ya fito da launinta na gaskiya, da sheƙinsa, da ƙurji biyu a goshi. Ban gyara komai ba sai datse gefe. Shi ne a fuskar wayar Umma yanzu.

Masu aikin jarida suna da tsauri a kan wannan. A 2006, lokacin yaƙin Lebanon, wani mai ɗaukar hoto ya yi amfani da kwamfuta ya ƙara yawan hayaƙi a hoton birnin Beirut bayan wani hari. Da aka gano, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da shi, ya kuma cire hotunansa 920 daga rumbunsa. An kai harin, hayaƙin ma ya tashi, ƙari kawai ya yi, amma ƙarin ya jawo shakku a kan duk abin da ya taɓa ɗauka.

Wannan ba ya nufin a daina wasa da hoto. Jingar da ta fi ba mu dariya ita ce ta ƙarya bayyananniya, wadda kowa ya gani ya san wasa ne. Na ajiye kwanon tuwo dab da kyamara, na tura ƙanena can ƙarshen tsakar gida, na daidaita su har ya fito kamar yana tsaye a cikin kwanon. Ko manhaja ban buɗe ba. Kyamarar waya tana iya fito da na kusa da na nesa garau a lokaci guda, shi ya sa dabarar take yi. Wani abokinmu ya haɗa hoto biyu ya sa akuyarsu a kan rufin motar haya. Babu wanda aka yaudara, babu wanda aka ci wa fuska. Inda abin yake zama mugunta shi ne a ɗauki kan 'yar ajinku a ɗora a wani jiki, ko a sa ɗan ajinku a wurin da bai taɓa zuwa ba, a tura wa mutane. Mai yin yana ganin raha ce ta minti biyar. Wadda aka yi wa kuwa za ta iya shekara tana rantsuwa ba a yarda da ita ba, a gida da makaranta.

In za ku gwada

Ku haɗu ku uku ko huɗu, ko da waya ɗaya ce tsakaninku, ko ta aro ce daga yaya na minti goma a rana. Ku fara da jingar abu guda kwana bakwai: ludayi, fitilar ƙwai, takalmin makaranta, maburgi, duk abin da ya samu. Ku sa ranar haɗuwa, don in babu wanda zai tambaye ka ina naka, a rana ta uku za ka watsar. In kun zo dubawa, kada a tsaya a "ya yi kyau" da "bai yi ba". A tambayi mai hoton ƙarfe nawa ya ɗauka, ta ina haske ya shigo, me ya sa ya tsaya a nan. In ta WhatsApp za ku tura wa juna, ku tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoton ta rage masa kyau.

Wanda ya fi burge ku kuma ku kai shagon hoto a wanke muku shi a takarda. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta. Ni na wanke na marikin butar nan, na liƙa shi a bangon ɗakinmu.

Da na dawo hutun nan na tarar da sabuwar buta shuɗiya a gindin famfo. Tsohuwar ta tsage ta ƙasa, Umma ta yanke ta gida biyu tana zuba wa kaji ruwa a ciki. Na tambaye ta marikin, ta ce ta jefar, me za ta yi da shi? Sannan ta nuna sabuwar da baki ta ce, "Ga wata nan. In za ki kwanta mata, ki shimfiɗa tabarma tukuna."